Dan Allah masu sani, zan iya yin SIWES ɗina a ƙungiyar taimakon marayu?

Ɗalibar Ƙididdiga:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah shawara nake nema gurin waɗanda suka san kan abin. Ni ɗaliba ce a wata jami'a nan Kano, aji uku, sashen ƙididdiga, samista mai zuwa za mu fita IT, wato SIWES, koyon aiki a wajen makaranta, na wata shida kuma har an raba mana takardar neman guri. Yawancin ƴan ajinmu ma'aikatun gwamnati suka nufa wasu kuma banki, to waɗanda suka gabace mu sun ba mu labarin yadda ake yi, ka je ka zauna a benci tun safe, a aike ka fotokwafi, ranar Juma'a a buga maka hatimi a logbuk (littafin rubuta aikin kullum), wasu ma ce musu ake kar ku wahalar da kanku ku dinga zuwa ƙarshen wata a sa muku hannu. Ni wallahi bana son wata shidana ya tafi a haka.

Akwai wata ƙaramar ƙungiya a unguwarmu da wasu iyaye mata suka kafa, suna biya wa marayu kuɗin makaranta, da azumi su raba abinci, da sallah kuma su yi musu ɗinki. Na san suna fama da lissafi da ajiyar sunaye dan mamana tana kai musu gudummawa kuma ina jin suna ƙorafi. Sai na ce me zai hana na je can na yi abin da zai amfani mutane ni ma na koya. Amma ina tsoron kar na gama wahala makaranta ko ITF (hukumar gwamnati mai kula da shirin) su ce ba su san zance ba tunda ba kamfani ba ne. Sannan wata ƙawata ta ce wauta zan yi, in dai NGO (ƙungiyar agaji mai zaman kanta) nake so na nemi manyan nan na ƙasashen waje masu motoci farare, su ne sunansu zai yi min amfani a CV.

Ga kuma Baba, shi da ya ji kalmar NGO sai ransa ya ɓaci, ya ce ba a san manufar wasunsu ba kuma ba zai yarda a ɗauke ni a kai ni wani daji ba.

To ana karɓa kuwa? Ana biyan wani abu? Kuma ƙarama ko babba, wacce ta fi? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malamin Sashe:

Wa alaikumus salam ƴata. Na daɗe ina fita zagayen duba ɗaliban SIWES na sashenmu, bari na fara da abin da ya fi damunki. Ba a ce lallai sai kamfani ko ma'aikatar gwamnati ba. Abu biyu ake dubawa, aikin da za ki yi a gurin ya yi daidai da abin da kike karantawa, sannan akwai wanda ya san aikin da zai tsaya a kanki ya dinga duba abin da kika yi. ITF ta kawo shirin ne tun 1973 saboda masu ɗaukar ma'aikata suna ta kukan cewa yara na fitowa da takarda amma hannunsu bai taɓa aiki ba, to duk inda hannunki zai taɓa aikin ƙididdiga na gaske ai an cika manufa. Sai dai kowace makaranta da nata tsarin, akwai sashen da yake da jerin guraren da ya amince da su, dan haka kafin ki kai takardar nan ko'ina ki shiga ofishin kodinetanku na SIWES ki faɗa masa sunan gurin da irin aikin da za ki yi, in ya ce to, kin huta.

Daga nan sauran duk takardu ne da kin riga kin ji labarinsu. Ƙungiyar ta ba ki takardar amincewa a kan takardarta mai ɗauke da suna da adireshi da hatimi, in kin fara ki cike fom ɗin fara aiki ki kai ofishin ITF mafi kusa da wuri kar ki bari sai an yi nisa, logbuk kullum ki rubuta abin da kika yi a ranar, duk sati mai kula da ke ya sa hannu, a ƙarshe ga Fom 8 (fom ɗin ITF na kammala aiki) ga rahoto ga tsayawa gaban malamai ki kare shi.

Inda ƙananan ƙungiyoyi suke ba mu matsala shi ne gurin zama da mai kulawa. Sai ka ɗauki adireshi ka sha rana ka je ka tarar da shago a kulle, ka kira ɗalibi ya ce ai sai ranar rabo ake buɗewa. Wannan ba zai yiwu ba, kuma ɗalibin ne zai kwana a ciki. Ki tabbatar suna da inda ake zama ko da ɗaki ɗaya ne, da ranakun aiki sanannu. Sannan ki tambaya a cikin amintattun ƙungiyar ko ma'ajinsu akwai wanda ya san lissafi ko akanta ko ya taɓa aikin ofis, shi za a rubuta a matsayin mai kula da ke. In babu ko ɗaya to gaskiya ki je ki taimaka musu ranar Asabar dan Allah, SIWES ɗin kuma ki kai wani gurin, dan ba a koyon sana'a ba tare da na gaba ba.

Ki kuma duba rajistarsu. Ƙungiyoyin agaji a ƙarƙashin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suke rajista a matsayin amintattu, kuma shafin CAC yana da gurin da kowa zai rubuta suna ya gani ko akwai. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom ko kuɗin rajista kafin a ba ki gurin IT ki juya ki tafi, ɗan damfara ne ko da wane irin tambari ya sa a takardarsa.

Maganar ƙawarki kuwa ni ban yarda da ita ba. Ranar kare rahoto ba ma tambayar girman allon da ke ƙofar gurin, abin da muke tambaya shi ne ke me kika yi da hannunki. Ɗalibin da ya zauna a babban ofishi yana kallon wasu na aiki minti biyu ya ishe shi ya ƙare bayani, wanda kuma aka damƙa wa aiki sukutum a ƙaramin guri sai mun ce masa ya isa haka.

Mai Fadin Gaskiya:

Malam duk abinda ka fada haka ne amma baka tabo maganar kudi ba kuma itace babba. Ni nayi nawa a wata kungiya bazan fadi sunanta ba, litinin zuwa asabar nake zuwa, ni ne shiga kauye ni ne rubuta rahoto ni ne daukar kujeru in anyi taro a otal, ma'aikatansu ana basu kudin fita kullum ni kuwa sai Allah ya saka da alheri, ko kudin mota babu, kuma kowa yasan yadda kudin adaidaita ya koma tunda aka cire tallafin mai a 2023. Alawus din ITF kuma kar ma ki sa shi a lissafi, dan kadan ne kuma sai kin gama kin manta sannan zaki ji labarinsa.

Abinda yake bani haushi shine da ance aikin taimako ne sai a dauka haramun ne ka tambayi hakkinka, wai ai lada kake nema. To mai gidan da yake karbar albashi shi baya neman ladan ne? Kuma ku duba wa zai iya wata shida yana aiki kyauta, sai wanda babansa zai iya bashi kudin mota da na abinci kullum, dan talaka dole ya nemi inda zai sa hannu ya koma kasuwa ya nemi na makaranta, gobe in an tashi daukar aiki ace ana son mai kwarewa sai a dauki dan masu halin nan. Haka abin yake zagayawa.

Kanwata bance kar kije ba, amma tun ranar farko ki tambaya kwana nawa a sati, karfe nawa zuwa nawa, in za'a fita wa zai biya mota. Ba rashin kunya bane.

Ɗan Bulumkutu:

Ɗan uwa na sama ka faɗi abin da yawancinmu muka gani, kuma mu da muke cikin harkar bai kamata mu musa ba. Gurin da yake da kuɗin taro a otal yana da kuɗin motar ɗalibi.

Ƙanwata ni a Maiduguri nake, aikina tattara bayanai da bibiyar ayyuka wanda ake ce wa M&E, kuma abin da kike karantawa shi ne ainihin abin da muke ci da shi. Game da manyan ƙungiyoyin da ƙawarki take faɗa, ba kasafai suke ɗaukar ɗalibi ya shigo da takardar makaranta a hannu ba, su sai sun tallata a shafinsu ko a ReliefWeb (shafin intanet na harkar agaji) kuma galibi wanda ya gama har ya yi bautar ƙasa suke nema. Ballantana yanzu, tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a farkon 2025 aka zo aka rufe hukumar tallafinta USAID, ayyuka da yawa sun tsaya, mutanen da suka shekara goma a harkar suna gida suna neman aiki. Dan haka kar ki ɓata watanni kina jiran amsar imel. Na gida su ne a buɗe kuma su ne suka fi buƙatarki. In ma ta unguwarku ba ta cika sharuɗan da Malam ya faɗa ba ai Kano cike take, ga reshen Red Cross na jiha, ga FOMWAN ta mata Musulmi da take aiki tun 1985, ga CITAD masu harkar fasahar zamani, ga Isa Wali Empowerment Initiative, ga Hukumar Zakka da Hubusi, ki je da ƙafarki ki tambaya kowacce da yadda take ɗauka.

Kafin ki fara ki zauna ki iya Excel sosai, ba buɗewa da rubuta suna kawai ba, ki iya tace bayanai, ki iya gano sunan da ya maimaitu, ki iya haɗa jimla ta unguwa unguwa. Sannan ki buɗe manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, ana iya fara amfani da shi kyauta, ki koyi haɗa fom ɗin tambayoyi da ake cikewa a waya ko babu netwok, in an dawo inda akwai sai a tura. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya ci rabin gari, abinci da tabarmi da gidan sauro suna ta zuwa daga ko'ina, amma babban tashin hankalin shi ne sanin su waye a wace makaranta aka tsugunar, mutum nawa, wa ya samu wa bai samu ba. Yaran da suka iya riƙe waya su yi rajistar mutane ba tare da kuskure ba a lokacin sun fi mai babban digiri amfani, da yawansu kuma ɗalibai ne da suka fito dan kansu.

Abin da aji ba zai koya miki ba shi ne yadda lamba take fitowa daga bakin mutum. Za ki shiga gida ki ce mutum nawa ne a gidan nan, a ce miki talatin, alhali gidan gandu ne mai sassa huɗu kowa da tukunyarsa, shi ya sa mu masu ci daga tukunya ɗaya muke ƙirgawa. Za ki tambayi uwa jiya sau nawa yaranki suka ci abinci, in kishiya ko maƙwabciya na tsaye za ta ce sau uku dan kunya, in kuma ta ji ana cewa masu rabo ne suka zo wata za ta ce ko sau ɗaya, duka biyun kuma ba za ki ce musu maƙaryata ba, hali ne ya sa. Sai kin koyi janye mutum gefe, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki faɗa masa gaskiya cewa rubuta suna ba alkawarin samun kaya ba ne, kuma yana da damar ya ce ba zai amsa ba. Haka awon tamowa, ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa 59, in ya gaza santimita 11.5 ja ne, yaron yana cikin haɗari sai an tura shi asibiti. In mai awo ya ja tef ɗin da ƙarfi ko ya sake shi, lambar da za ta zo kwamfutarki ƙarya ce, kuma wani yaro ne zai rasa magani a dalilinta. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba ya ƙara yi wa tebur ɗin lambobi kallon wasa.

Shi kuma Baba kar ki yi musu da shi, tsoronsa yana da tushe. Mu nan ba mu manta da Saifura Khorsa da Hauwa Liman ba, ungozomomin da aka sace a Rann a 2018 suna bakin aikin taimakon mata masu haihuwa daga baya aka kashe su, Allah ya jiƙansu da rahama. Amma ki nuna masa ke a cikin gari za ki yi, unguwarku ma, kuma babu ƙungiyar kirki da za ta tura ɗaliba gurin da yake da haɗari. Ki roƙe shi ya je da kansa ya ga ofishin ya gaisa da shugabannin, dattawa sun fi yarda da abin da idonsu ya gani. In za a fita wani ƙauye ki san da wa za ki tafi, a wace mota, yaushe za a dawo, a gida ma su sani. Duk wanda kuma ya fara miki maganar banza ko ya ce sai kin same shi shi kaɗai kafin ya sa hannu a logbuk, ranar ki gaya wa kodinetanku da iyayenki.

Uwar Marayu:

Ƴata Allah ya yi miki albarka, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ji daɗi har raina. Ni ina cikin masu tafiyar da irin ƙungiyar da kike faɗa a wani garin, mu ma mata ne muka haɗu, ba mu da mai ba mu dala daga waje, abin da ƴan kasuwa da ma'aikata da masu fitar da zakka suka kawo da shi muke yi.

Bari na gaya miki yadda muke kafin wata ɗaliba ta zo mana. Sunayen yaranmu a littattafai uku suke irin masu bangon kwalin nan, ɗaya a gurina ɗaya gurin sakatariya ɗaya gurin wadda take zagayen gidaje, kowa da irin rubutunta, wani shafin ruwa ya taɓa shi biro ya narke. In azumi ya zo sai mu baje su a tabarma muna karantowa muna gardama, wannan Aishar ta gidan mai itace ce ko ta bayan masallaci. Yarinyar nan ta ɗauki littattafan ta zauna da kwamfutarta, amma ba ta tsaya kwafa kawai ba, ta ce sai ta bi mai zagayenmu gida gida ta ga kowane yaro. Ta yi wa kowa lamba, ta rubuta unguwa, sunan mai riƙonsa da dangantakarsu, ajinsa, makarantarsa, zangon da aka biya da wanda ba a biya ba. A nan muka gano yaro ɗaya ya shiga sau biyu, a wani littafin da sunan yanka a wani da sunan da kakarsa take kiransa, muka gano waɗanda sun girma har sun yi aure ana ta karɓa da sunansu, abin da ya fi taɓa ni kuma wasu ƴan gida ɗaya da sunansu yana nan amma an daɗe ba wanda ya leƙa su saboda uwar ta tashi ta koma wata unguwar kuma ita mai kunya ce ba za ta zo ta tambaya ba. Da muka je babbar cikinsu ta bar makaranta tana talla. Yanzu ta koma aji alhamdulillahi. Kin ga ko buhu ɗaya ɗalibar nan ba ta kawo mana ba amma ta sa abin da ake kawowa yana isa inda ya kamata, kuma masu ba mu gudummawa da suka ga muna miƙa musu takarda a tsare ga abin da ya shigo ga inda ya tafi sai suka ƙara sakin jiki da mu.

Sai dai zan ja kunnenki a kan amana. Abin da za ki gani sirrin gidajen mutane ne, wa mijinta ya rasu ya bar bashi, wa dangin miji suka kora, wane yaro ne yake da ciwon da ba a so a sani. Ba abin hira ba ne a hostel, ba abin turawa a guruf ba ne, ki sa wa fayil ɗin makulli kuma kar ki bar shi a wayar da kowa yake ɗauka, yanzu ma har doka gwamnati ta yi a 2023 kan kare bayanan mutane. Sai hoto. Dan Allah ƴata kar ki zama cikin masu tsayar da maraya ya riƙe ledar shinkafa a ɗauke shi a watsa a Facebook da TikTok. Yaron nan zai girma, abokansa za su gani, uwarsa tana da dangi da mutunci. Allah ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, ni kuma a ganina wannan hoton yana daga cikin cutarwar. In masu bayarwa suna son shaida a ɗauki kayan, a ɗauki rasit ɗin makaranta.

Wanda ya yi maganar kuɗin mota kuma ɗana gaskiyarka ne. Mu ba mu da albashin bayarwa dan mu kanmu ba ma ɗauka, amma mun zauna mun yanke cewa duk ɗalibin da ya zo za a ba shi na mota kuma abin da muka ci da rana shi zai ci, muka rubuta shi cikin kuɗin gudanarwa kowa ya sani. Ƙungiyar da take cewa tana tausayin ƴaƴan mutane bai kamata ta ci gumin ɗan wani ba.

Kuma tun da sauran lokaci kafin ki gama ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu a cikinsu ki koya musu yadda za su ƙara suna su cire suna su fitar da lissafin wata, ki rubuta musu matakan da Hausa a takarda. Tamu ta yi mana haka shi ya sa har yau abin yana tafiya, na san wasu da ɗalibi ya yi musu aiki mai kyau ya tafi da shi a kwamfutarsa suka koma kan littafi.

Ɗan Maraɗi:

Sallama ga kowa. Mu nan Nijar istaj muke ce mishi kuma ɗalibbai da yawa wurin ONG, wato NGO, suke yin nasu, musamman masu karatun lahiya da noma da ci gaban karkara. Abin da ni ka gani ya kamata ku ɗauka wurinmu shi ne takardar yarjejeniya, makaranta ta sa hannu, ƙungiya ta sa hannu, ɗalibi ya sa hannu, a rubuta ranar farawa da ranar gamawa da aikin da za a ba ka da sunan mai kula da kai da ko akwai ɗan abin mota ko babu. In an rubuta babu mai maishe ka ɗan aike. Ko makarantarku ba ta buƙata ba ƙanwata ki rubuta shafi guda da kanki ku sa hannu ke da shugabar.

Kuma kar a rena ƙungiyoyin gida. BEFEN ƙungiyar lahiya ce ta ƴan ƙasa, ga aikin da ta yi kan tamowa a Mirya tare da ƙungiyar waje ALIMA, ga wata ta gida FORSANI nan wajenmu. Da gwamnati ta janye izinin ƙungiyar agaji ta Faransa ACTED a ƙarshen 2024 ta kuma ce ma ICRC, Red Cross ta duniya, ta fita a farkon 2025 kowa ya gani da idonshi, baƙo yana iya tahiya ko wane lokaci, na gida ne ke zama da mutane. In kin gama ki amshi takardar shaida mai hatimi wadda ta faɗi aikin da kika yi dalla dalla, ba wai ta yi istaj wurinmu kawai ba.

Ɗalibar Ƙididdiga:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Malam na je gurin kodinetanmu ya ce babu matsala in dai akwai mai kulawa da adireshi, kuma ashe ma'ajiyar ƙungiyar tsohuwar akanta ce ta yi ritaya, ta ce za ta tsaya min, suna da ɗaki a gidan shugabar da ake zama Litinin zuwa Alhamis kuma na ga sunansu a shafin CAC. Na yi maganar mota kamar yadda Yaya Mai Faɗin Gaskiya ya ce, da ƙafa ma zan dinga zuwa amma sun ce in za a zagaya gidaje su za su biya. Baba ya ce zai je ya gan su da kansa kafin ya yanke, ku taya ni da addu'a. Hajiya maganarki ta shige ni sosai, in sha Allah ba hoto.

Saura abu ɗaya, tunda sirri ne to me zan rubuta a logbuk da rahoto? Kar na ɓoye komai kuma malamai su ce ban yi aiki ba.

Malamin Sashe:

Aikin za ki rubuta ƴata, ba mutanen ba. Misali yau na shigar da bayanan gida kaza daga littafi na biyu, na gano guda kaza sun maimaitu, na gyara fom ɗin zagaye na ƙara tambayar aji. A rahoto kuma jimla za ki kawo, yara nawa a firamare nawa a sakandare, kashi nawa aka biya wa zangon nan, unguwannin ma kina iya ce musu unguwa ta 1 da ta 2. In za ki nuna samfurin tebur ki cire suna da lambar waya da adireshi ki bar lambar da kika ba kowane yaro, fom ɗin tambayoyin kuma ki sa wanda ba a cike ba. Kafin ki buga rahoton ki kai wa shugabar da ma'ajiyar su karanta su ba ki izini a rubuce, ki liƙa kwafin izinin a ƙarshensa. In malamin da zai zo duba ki ya nemi ganin ainihin fayil ɗin ki buɗe masa a ofishin a gaban ma'ajiyar, kar ki tura masa ta waya.